George Gallup, mutumin da ya mai da tambaya sana'a

A ranar 26 ga watan Yuli na 1984, a wani ƙauyen ƙasar Suwis mai suna Tschingel, ajali ya riski George Gallup yana da shekara 82 a duniya. Bai taɓa riƙe kujerar mulki ba, bai kuma kafa masana'antar da ke ƙera ko da allura ba, amma a ƙasashe irin su Finland da Suwidin sunansa ya zama kalmar yau da kullum, idan an ce "gallup" ana nufin binciken ra'ayin jama'a ke nan. Ya dace ƴan kasuwarmu da ma'aikatanmu su san ko wane ne shi, domin abin da ya bari ya shafi mai sayar da atamfa kamar yadda ya shafi mai sa hannu a takardun gwamnati.

An haife shi ranar 18 ga Nuwamba 1901 a garin Jefferson, cikin jihar Iowa ta Amurka, ƙasar manoman masara. A jami'ar Iowa ya yi karatu, ya riƙe jaridar ɗalibai, sa'an nan a 1928 ya sami digirin dakta a kan wata tambaya da masu jaridu ke tsammanin sun daɗe da sanin amsarta: mene ne mutane ke karantawa a cikin jarida? Dabararsa mai sauƙi ce ƙwarai. Maimakon ya tambayi mutum abin da ya fi so, sai ya zauna da shi, ya buɗe masa jaridar jiya shafi bayan shafi, ya ce masa ya nuna abin da idonsa ya tsaya a kai. Nan ne asiri ya tonu. Waɗanda ke bugun ƙirji da cewa sharhin siyasa da labaran duniya suke bi, ashe hotuna da zanen barkwanci suka fi ɗauke musu hankali. Mu marubutan sharhi wannan sakamako bai yi mana daɗi ba, amma ba mu da bakin musu.

A 1932 kamfanin talla na Young & Rubicam da ke New York ya ɗauke shi shugaban sashen bincike, ya kuma yi shekara 15 yana auna wa masu hajoji irin tallar da ke shiga zuciyar mai saye da wadda kuɗinta ke tafiya a banza. A wannan shekarar ce kuma surukarsa, Ola Babcock Miller, ta tsaya takarar sakatariyar jihar Iowa a jam'iyyar da ta daɗe ba ta cin zaɓe a can. Surukin ya gwada dabarar kasuwa a kan masu zaɓe, ya ce za ta ci, ta kuwa ci. Daga nan ya gane cewa ma'aunin da ke auna son sabulu yana iya auna son ɗan takara, kuma a 1935 ya buɗe cibiyarsa ta binciken ra'ayi a garin Princeton.

Zaɓen 1936 shi ne ya ɗaga shi, kuma a nan ya kamata mai karatu ya dakata. A lokacin akwai wata babbar mujalla, Literary Digest, wadda ta faɗi daidai wanda zai lashe zaɓen shugaban ƙasa a 1920, 1924, 1928 da 1932. A 1936 ta aika takardun tambaya wajen miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo mata, ta shelanta cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt da kashi 57 cikin 100. Gallup, wanda mutanensa suka tambayi kimanin mutum 50,000 kacal, ya ce Roosevelt ne zai ci. Ya ma yi wa jaridun da ke sayen bincikensa alkawarin mayar musu da kuɗinsu idan mujallar ta fi shi dacewa, kuma tun kafin ta gama ƙirga takardunta ya faɗi adadin da za ta samu, kusan daidai. Ranar zaɓe Roosevelt ya kwashe jihohi 46 cikin 48, da kusan kashi 61 cikin 100 na ƙuri'u. A 1938 mujallar ta rufe.

Me ya kayar da mai miliyoyi a gaban mai dubbai? Mujallar ta tsamo sunaye ne daga littafin masu tarho, da rajistar masu mota, da jerin masu sayenta, a shekarun da talauci ya durƙusar da Amurka, lokacin da tarho da mota ke nuna cewa mutum na da abin hannunsa. Ƙari a kan haka, masu jin haushin Roosevelt sun fi himmar mayar da amsa. Talakan da ya zaɓe shi babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Duk dillalin hatsi a Maraɗi ya san wannan ilimi ba tare da ya shiga lakwal ba: ba ya zazzage buhu don ya san gero mai kyau ne, amma kuma ba ya yarda da tafin hannu guda da mai kaya ya ɗebo masa daga baki, sai ya soka ƙarfen nan mai tsini sama da tsakiya da ƙasa. Faransawa ma daga sunan irin wannan ƙarfe na gwaji suka samo kalmar sondaji. Aikin Gallup shi ne ya raba ƙasa yadda ake raba buhun, birni da ƙauye, mai kuɗi da talaka, tsoho da matashi, ya ɗebo daga kowane wuri gwargwadon nauyinsa.

Wani abin da ake mantawa da shi shi ne malantarsa. Ya koyar da aikin jarida a jami'o'in Drake, Northwestern da Columbia, amma manyan almajiransa a wurin aiki ya same su. David Ogilvy, ɗan Birtaniya da ya zo Amurka a 1938, a hannunsa ya koyi auna ra'ayin masu kallon fim kafin ya kafa nasa kamfanin talla a 1948, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana ambaton Gallup cikin waɗanda suka gina shi. Henry Durant ya kai dabarar Ingila a 1937. Wanda ya fi kusa da mu masu karatun faransanci shi ne Jean Stoetzel, wanda ya ga aikin a Amurka, ya komo gida ya kafa IFOP a 1938. Tambayarsa ta farko da aka fi tunawa a kan yarjejeniyar Munich ce da aka yi da Hitler, inda kashi 57 cikin 100 suka goyi baya, kashi 37 suka ce cuta ce. IFOP ɗin nan ce a 1965 ta ce sai Janar de Gaulle ya je zagaye na biyu, ya kuwa sami kansa gaba da gaba da Mitterrand.

Yabon gwani ya zama dole, amma ba za mu rufe ido a kan tuntuɓensa ba. A 1948 ya ba Thomas Dewey nasara a kan Harry Truman da tazarar maki 5, sai ga Truman ya ci da kusan irin wannan tazara. Ya daina tambaya tun saura mako biyu, alhali zukata na juyawa, kuma ya bar wa ma'aikatansa zaɓin wanda za su tsayar a hanya, su kuwa suka riƙa tsayar da masu tsabtar riga. Bayan wannan kunya ne sana'ar ta koma ga zaɓen gidaje ta hanyar ƙuri'a, yadda son ran mai tambaya ba zai shiga ba. Akwai kuma laifin da ya fi wannan nauyi a ganina. Tun da masu jefa ƙuri'a yake son aunawa, bincikensa na farko bai ba baƙaƙen fata na kudancin Amurka gurbin da ya dace da yawansu ba, saboda an hana su zaɓe. Wanda doka ta danne, sai lissafi ya sake danne shi. Pierre Bourdieu kuma, a wata lacca da aka buga a 1973, ya kawo sukar da har yau ba a gama amsa ta ba, cewa mai biyan kuɗin bincike shi ke zaɓen tambaya, kuma ana iya tilasta wa mutum amsar abin da bai taɓa tunaninsa ba, a tara amsoshin a ce ga muryar jama'a.

Duk da haka ina ganin gara ma'auni mai aibi da aka san aibinsa da babu ma'auni sam. A ƙasarmu kusan mutum 8 cikin 10 a karkara suke zaune. Wanda ke zaune a buro a Yamai yana auna zuciyar ƙasa da abin da ake yaɗawa a WhatsApp, ko da yawan jama'ar da aka kwaso a mota zuwa filin taro, kuskuren Literary Digest yake maimaitawa, tarhon ne kawai ya koma aljihu. Haka alhajin da ke cika sito da kaya don kawai maƙwabcinsa ya ci riba da irinsu bara, bai tambayi ko mace ɗaya cikin masu zuwa cefane ba. Kayan aikin kuwa suna nan. Ƙungiyar Afrobarometer, da aka kafa a 1999, ta fara bincike a Nijar a 2013 tare da cibiyar LASDEL, inda ake tambayar kimanin mutum 1,200, maza da mata, birni da ƙauye, cikin harsunansu, kuma sakamakon a buɗe yake ga kowa. Duk wanda aka kawo masa wani adadi da sunan ra'ayin jama'a, minista ne ko ɗan kasuwa, haƙƙinsa ne ya tambaya: wa ya biya, mutum nawa aka tambaya, a ina aka same su, da wane harshe, kuma yaya aka tsara tambayar?