Gangar giya ta hannu da sana'ar zoɓo: matsayarmu



Watanni ke nan ana ta ja-in-ja a tsakaninmu kan gangunan nan na silba da wasu masu zoɓo da lemon citta suka fara saye a wajen 'yan gwangwan. Wasu sun ce ci gaba ne, wasu sun ce ina Musulmi ina tulun giya, wasu kuma ko ɗanɗanawa sun daina yi. Da muka ga maganar ta fara raba kan mata a gidajen suna, har wata ta kwashe kayanta ta bar wajen, muka ce shiru bai kama mu ba. Ga abin da muke gani.

Ga wanda bai taɓa ganin ta ba, ganga ce ta ƙarfen silba wanda ba ya tsatsa, wadda kamfanonin giya ke cikawa su kai otal-otal da mashaya, a riƙa tsiyayowa ta famfo. Akwai mai cin lita 20, da 30, da 50. Akwai kuma wata siririya mai cin kusan lita 19, wadda asalinta ba ta giya ba ce, kamfanonin lemo irin su Pepsi da Coca-Cola ne suka yi amfani da ita shekara da shekaru kafin su koma zuba ruwan lemonsu a jakar leda cikin kwali. Da suka yi watsi da ita sai masu dafa giya a gida a Amurka da Turai suka rungume ta. Wannan sana'arsu ce, ba ita ta tara mu ba. Mu abin da ya dame mu shi ne inda 'yar uwarmu mai zoɓo za ta zuba zoɓonta.

Sai mu fara faɗa wa kanmu gaskiya kan abin da ake ciki yanzu. Yawancin zoɓo da kunun aya da ake sayarwa daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Obalende, a robar lemo ko ta ruwa ake zuba su, wadda wani ya sha ya jefar. Kowa ya san inda ake tsinto ta: wajen biki, tasha, bola, wani lokacin har bakin kwata. Mai tsoron Allah tana wankewa da ruwan zafi da omo. Amma robar da bakinta bai wuce shigar ɗan yatsa ba, yaya za a yi a tabbatar cikinta ya fita? Ga shi kuma ruwan zafi sosai lanƙwasa ta yake yi, dole a koma ga mai ɗumi. Ba mu manta da watan Yunin 2024 ba, lokacin da kwalara ta ɓarke a nan Legas, hukumomin lafiya na jihar suka ambaci kunun aya maras rajista cikin abubuwan da suka bi sawu a yankin Eti-Osa. Ba a ce 'yan uwanmu ne suka yi shi ba, amma da an ce kunun aya, mutumin Legas mu yake kallo. Wake ɗaya ne ke ɓata gari.

To idan aka ajiye ganga mai lita 50 gefe guda, aka jera robobi ɗari masu rabin lita a ɗaya gefen, wanne ya fi sauƙin wankewa? Abu ɗaya ne za ki wanke, ki zuba masa tafasasshen ruwa bai ce uffan ba, ki rufe ƙuda bai samu hanya ba, kuma babu mai tsoma kofi ko hannu a ciki. Ta wannan fuskar muna tare da masu ganga, kuma ba mu ɓoye ba.

Sai maganar da ta fi tsaya wa mutane a rai, wato najasa. Mu ba malamai ba ne, shi ya sa muka kai ta gaban limamanmu. Abin da suka karantar da mu shi ne, a mazhabar Malikiyya ana duba irin mazubin. Tukunyar ƙasa da najasa mai ratsawa ta jiƙa ta ba ta tsarkaka da wanki, haka yake a Muhtasar na Shehu Halilu, don ƙasa tana tsotsa. Ƙarfe mai santsi da gilashi kuwa ba su shan komai, idan aka wanke har launi da wari da ɗanɗano suka tafi, sun tsarkaka. Sun kuma tuna mana hadisin Abu Sa'alaba, wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da kwanonin Ahlul Kitabi, aka ba shi amsa da abin da ma'anarsa ita ce idan akwai wasu kwanonin a bar waɗannan, idan babu a wanke su a yi amfani da su. Saboda haka duk mai cewa zoɓon da aka zuba a wankakkiyar ganga haramun ne, ya yi wa 'yar uwarsa nauyin baki, ya kamata ya janye.

Amma a lura da gaɓar farko ta hadisin: idan akwai wasu. Kuma akwai. Siririyar nan ta lemo ba ta taɓa ganin giya ba idan daga kamfanin lemo ta fito kai tsaye, bakinta kuma yana da faɗin da hannu zai shiga da soso. Gangar giya ba haka take ba. Ƙaramin baki gare ta, da bututu a tsakiya wanda aka danne da sifirin, don a kamfani inji ne ke wanke ta da sinadari da tururi, ba hannun mutum ba. Wanda ya zuba ruwa ya girgiza ya zubar, bai wanke komai ba. Ko ta lemon ce ma, robobin da ke toshe murfi da bakin bututu suna riƙe wari, guda biyar ne, a cire su duka a sa sababbi. Ba su da tsada.

Inda muka fi jin tsoro ba ma nan ba ne. Gangar giya ba ta mai mashaya ba ce, ta kamfani ce. Kuɗin ajiya yake bayarwa, idan ta ƙare a zo a ɗauka a sake cikawa. Ke nan idan ka ga ganga lafiyayya, ba lotsawa ba huda, ɗauke da sunan kamfanin da har gobe yake aiki a ƙasar nan, an kawo maka ita da daddare a farashin kilo, to ka tambayi kanka ta ina ta biyo. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma ba a tsayawa sauraron "ai saya na yi". Mu da muke zaman ofishin ƙungiya mun san sau nawa ake buga mana waya tsakar dare a ce an kama ɗan uwa da ƙarfen da bai san asalinsa ba, mu bi caji ofis da roƙo da neman mai tsaya masa. 'Yan uwanmu masu sana'ar gwangwan sun ga abin da ya faru a Abuja a farkon 2025, lokacin da satar murafan kwalbati ta jawo aka hana 'yan bola jari yawo cikin gari, aka rufe kasuwannin panteka na wani lokaci, mai laifi da marar laifi duk suka zauna a gida. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wasu sun ce mafita ita ce a sa injin gurza a goge sunan. To wannan ai ƙara wa kai laifi ne. Idan ka bar sunan, mutane su ga tambarin giya a wajen walima su yi ta zunɗe. Idan ka goge, ɗan sanda ya ce me kake ɓoyewa. Abin da ya sa ka a wannan tsaka mai wuya tun farko bai cancanci kuɗinka ba. Matsayarmu a nan ba ta da kwana: gangar kamfanin cikin gida, in babu takardar da ke nuna kamfanin ne da kansa ya yi gwanjonta, a bar ta inda aka gan ta. 'Yan tokumbo da dillali ya shigo da su a kwantena, a karɓi rasit mai sunan shago da lambar waya, a ajiye shi kamar takardar fili.

Yanzu ga masu walda, don Allah ku saurara da kyau. Gangar da ake ce wa fanko ba fanko ba ce, akwai iska a matse a ciki, wani lokacin har da sauran ruwa. Kada a kusance ta da injin yanka ko wuta sai an kwantar da ita, an juya bakin nesa da fuska, an danna bawul ɗin iskar ta fita tas. Bututun tsakiyar nan idan aka ɓalle shi da iska a ciki, fitowa yake kamar an harba shi. In za a sa famfo a gindi, a sa na silba, a yi waldar da ta dace da silba, a goge cikin ya yi santsi, don duk kurjin da aka bari nan datti zai maƙale. Famfon tagulla ko na jan ƙarfe, da like da dalma, ba su haɗuwa da zoɓo da tsamiya, tsaminsu yana cin ƙarfen ya shiga cikin abin sha. Haka tsofaffin gangunan alminiyam, a bar wa masu narka tukwane.

Masu son burgewa, waɗanda suka gani a bidiyo ana matsa famfo lemo na fitowa da kumfa, su sani wannan da tukunyar iskar kabon dayoksaid ake yi, kuma dole sai da regileta. Ma'aunin da mai faci ke duba taya da shi, tayar mota ba ta wuce 30 zuwa 35. Ganga 10 zuwa 15 kawai take buƙata don ta turo abin sha. Tukunyar iskar kuwa tana ɗauke da wajen 800. Haɗa su kai tsaye ba regileta, bam ka haɗa a tsakar gida. Kada kuma wani ya ce zai yi dabara da kwamfresar mai faci ko tukunyar iskar mai walda. Mu a ganinmu ma, mai sayarwa a bakin titi ba ta da buƙatar wannan ɗawainiyar. A ɗora ganga a kan benci, famfo a ƙasa, a ɗan sassauta murfi, zoɓo zai sauko da kansa.

Akwai kuma abin da masu tallata gangar ba su faɗa, wanda ya kamata iyayenmu mata su riƙe. An ƙera ta ne don ta tsare iska, kuma ba kula ba ce, ba ta riƙe sanyi. Kunun aya kuwa kun fi mu sani, ga zaƙin dabino ga sukari ga zafin Legas, kafin la'asar ya fara juyawa. Wannan juyawar ita ce farkon abin da masu giya ke nema da gangan. A roba za ki ga ta kumbura ki gane. A ganga ba ki ganin komai, sai kin buɗe ki ji tsami da kumfa. Ke nan wadda ta rufe kunun aya ruf a cikin rana, tana iya wayar gari da abin da take gudu, ba daga tsohuwar giyar kamfani ba, daga hannunta. Wannan ya fi damunmu a kan tarihin ƙarfen. Kunun aya sai dai a yi daidai na yini, gangar na zaune cikin baho da ƙanƙara, abin da ya kwana a zubar. Kunun zaƙi da fura kuma suna kwanciya a gindi su toshe bututu, ba su dace da ita ba sam. Zoɓo, lemon citta da tsamiya da aka tace sosai, su ne nata.

Wanki kuma kullum ne, ba sai an ga datti ba: ruwan zafi da sabulu, soso mai laushi, a kwance famfo da tiyo a wanke su daban, a ɗauraye da tafasasshen ruwa, a kife ta bushe. Kada a jiƙa ta da bilic a bar shi ya kwana, yana yi wa silba ƙananan ramuka. Soson ƙarfe ma yana karce ta. Kuma a tuna, ganga ba ta gyara ruwan da aka ɗebo a gurɓatacciyar rijiya, ba ta gyara kofi ɗaya da mutum ashirin suka sha da shi.

Mun san za a ce duk wannan magana ce ta mai kuɗi, wadda jarinta bai wuce na mudun zoɓo biyu da sukari ba ina ta ga kuɗin ganga. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a hana kowa neman abincinsa ba. Shi ya sa shawarar da za mu gabatar ita ce ƙungiya ta fara da sayen 'yan siraran nan na lemo guda kaɗan daga dillali mai shago, da rasit da sunan ƙungiya, a riƙa bayar da aro ga masu suna da walima da buɗa-baki a masallaci, a ga yadda za su yi a hannunmu. Idan sun yi, mata masu sana'a su shiga adashi, kowacce ta ɗauka a sayo mata tata. Muna kuma roƙon mutum biyu daga cikin masu waldarmu da suka iya aikin silba su ba da sunansu, don kada kowa ya kai wa wanda ya ga dama.

Za a tattauna wannan a zaman wata mai zuwa in Allah ya kai mu, bayan sallar la'asar, a inda aka saba. Waɗanda suka riga suka sayi ganga su zo da ita, da rasit ɗin idan akwai, a duba tare. Shugabar mata ta ce a sanar da masu kunun aya su zo da wuri, za ta fara zama da su kafin maza su iso.

Wassalam.
Sakatare