Kafin Ka Huda Tsohon Silin Don Saka Sola, Tsaya Ka Ji

Jama'a, yanzu kowa sola yake sakawa, wani kyamarar tsaro, wani dish. Duk wannan aiki sai an hau rufi ko an huda silin an ja waya. To matsalar ita ce, da yawa daga tsofaffin gidaje, makarantu da kwatas ɗin ma'aikata, silin ɗinsu da kwanon simintin nan mai ruwan toka akwai asbestos a ciki.

Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma da zarar an huda shi, an yanka ko an fasa, sai ya saki ƙura mai siraran zare da ido ba ya gani. Zaren nan idan ya shiga huhu yakan maƙale, ya jawo taurin huhu, kansar huhu, ko kansar fatar da ta lulluɓe huhun. Kuma ba yau ciwon zai fito ba, yakan ɗauki shekara 20 zuwa 40. Mai shan sigari kuwa haɗarinsa ya ninka. Shi ya sa Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Afirka ta Kudu a 2008.

Ni a ganina, mai gida ne ya kamata ya fara magana. Yaron da ke wayarin kuɗin aikinsa kawai yake nema, shi zai shaƙi ƙurar, sauran kuma ta sauka a ɗakin da 'ya'yanka ke kwana. Kada ka yarda da "ai huda biyu ne kawai".

Babu wata manhajar waya da za ta gane asbestos daga hoto, gwajin lab ne kaɗai ke tabbatarwa. Idan rufin tsoho ne, ɗauka akwai shi. A bi da waya ta jikin bango, a dasa allon sola kan ƙarfe a tsakar gida. In ya zama dole a cire, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗungurungum ba fasawa, a sa takunkumin FFP3, don na asibiti ba ya tare zaren. Kada a share ƙurar da tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Gutsattsarin kuma a ƙulle a leda mai kauri, kada a yi akurkin kaji da su, kada a bar wa yara.

Ka tura wa mai yi maka wayarin wannan kafin ya hau tsani. Allah ya tsare mu.