Motar da ta ɗauke totur ta dawo ba warkewa ta yi ba

Direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Ingall da Agadez sun san wannan matsala. Kana tafe, ka taka totur, sai mota ta yi kunnen ƙashi na 'yan daƙiƙu, sannan ta fizga ta ci gaba kamar babu abin da ya faru. Da yawa sai su ce ta warke da kanta. A ganina wannan sakaci ne da zai iya cin rai. Tafiyar kusan kilomita 160 ce, garejin kirki babu a tsakani, kuma idan mota ta ɗauke maka lokacin da kake ƙoƙarin wuce babbar mota, daƙiƙa uku sun isa a yi asara.

Abin farko da ya kamata a tuhuma shi ne mai. A yankinmu da dama daga cikin motoci na shan man kwalba da na jarka da ake sayarwa a bakin hanya, duk da cewa matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011. Irin wannan mai kan zo da ruwa ko yashi. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan tanki, sai mota ta faɗa rami ya tashi, famfo ya zuƙe shi, inji ya shaƙe na ɗan lokaci. Filtar mai da ta toshe ma haka take yi, musamman idan ka nemi ƙarfi a hawa ko a cikin rairayi. Tafiya da tanki kusan wayam tana sa famfo ya ja iska, ga shi kuma man ne ke sanyaya shi.

Bayan mai sai ƙura, wadda ke cika filtar iska ta kuma ɓata na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji.

Sai kuma wayoyi. Tsofaffin motoci igiyar ƙarfe ce ke haɗa totur da inji. A sababbin Hilux kuwa, totur saƙo yake aika wa ƙwaƙwalwar mota ta waya. Idan girgizar hanya ta sassauta soket, saƙon ya rikice, ƙwaƙwalwar da kanta take rage ƙarfin inji don kariya, kuma galibi tana ajiye lambar matsalar.

A nan ne nake da ƙorafi kan wasu makanikanmu. Tun 1996 Amurka ta wajabta sa wa motoci mahaɗar da ake jona na'urar karanta waɗannan lambobi, Turai ta bi sahu a 2001. Amma har yau za ka ga an cire kan batir, wanda kan iya goge shaidar, sannan a fara canza kaya da ka: yau fulogi, gobe famfo, mai mota na ta biya, ciwo na nan.

Direba ma da nasa aikin. Ya lura da lokacin da abin ya faru: bayan shan mai ne, ko a kan gargada, ko da inji ya yi zafi? Wata fitila ta kama a gabansa? Wannan bayani rabin gyara ne. A tace mai kafin a zuba, a zubar da ruwan da filtar motocin gas ke tarawa, a fara bincike daga abu mai araha.

Kowane watan Satumba bikin Cure Salée na tara motoci a Ingall daga ko'ina. Ya dace ƙungiyoyin direbobi da na makanikai, tare da hukumar gari, su haɗa kuɗi su samar da na'urar bincike ko da guda ɗaya ce, su koya wa matasa aiki da ita. Kuɗinta bai kai na janyo mota ɗaya daga daji ba.