The Mission: An Kashe Mutanen Guarani, Sannan An Ƙwace Labarinsu

Tun 1986 ake yabon fim ɗin The Mission na Roland Joffé. Ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes, ya ci Oscar a fannin ɗaukar hoto, kiɗan Ennio Morricone kuwa har yau ana sauraronsa. Ban musa kyawunsa ba. Kyawun ne ma ke ƙara mini takaici, domin da shi aka lulluɓe zaluncin da fim ɗin ya yi wa mutanen da yake da'awar yi wa kuka.

A 1750 Sifaniya da Fotugal suka ƙulla yarjejeniyar Madrid, suka raba ƙasar Amurka ta Kudu a kan takarda. Aka shirya Sifaniya ta karɓi garin Colônia do Sacramento, ta miƙa wa Fotugal garuruwa bakwai da ke gabashin kogin Uruguay, inda 'yan ƙabilar Guarani kimanin dubu 30 ke zaune ƙarƙashin limaman ƙungiyar Jesuit ta cocin Katolika. Aka ce su tattara su ƙetare kogi, su bar gonaki da garken shanu da majami'u da kaburburan iyayensu. Suka ce ƙasarsu ce, ba inda za su.

To wa fim ɗin ya sa a gaba? Turawa biyu. Fada Gabriel, wanda Jeremy Irons ya fito a matsayinsa, ya hau duwatsun magangarar ruwa ta Iguazu, ya busa wata irin algaita, mutanen daji suka sallama masa. Sai Mendoza na Robert De Niro, mai farautar bayi da ya kashe ƙaninsa, yana jan damin makamansa a bayansa don neman gafara. An ba mu lokaci mai tsawo muna kallon nadamarsa, muna jin nauyin zuciyarsa. Su kuwa mutanen da ya yi ta kamawa yana sayarwa, aikinsu a fim ɗin su yafe masa, su rera waƙa, su mutu. Yawancin abin da suke faɗa ko fassara shi ba a yi wa mai kallo ba.

Wannan cin mutunci ne, domin Guarani na gaskiya ba bebaye ba ne. Suna karatu da rubutu. Suna da majalisun gari. A 1753 shugabanninsu sun aika wa gwamnan Buenos Aires wasiƙu a harshensu, suna ƙalubalantar umarnin korar, suna tuna wa sarkin Sifaniya hidimar da suka yi masa. Kuma hidima ce ta jini: su suka fatattaki mafarautan bayi na São Paulo a yaƙin Mbororé a 1641, su kuma aka kai yaƙi da Fotugal a Colônia do Sacramento a 1680, garin nan dai da aka zo aka yi musanyarsa da gidajen jikokinsu. Mutanen da suka shekara fiye da ɗari suna riƙe da bindiga, su fim ɗin ya nuna suna jiran tubabben Bature ya shirya musu yaƙi!

Ina Sepé Tiaraju? Da yaƙi ya ɓarke, shi ya jagoranci mayaƙan Guarani har aka kashe shi ranar 7 ga Fabrairun 1756. Kwana uku bayan haka, a Caiboaté, rundunar haɗin gwiwa ta Sifaniya da Fotugal ta karkashe Guarani kimanin 1,500, alhali nata mamatan ba su cika yatsun hannu ba. Wannan yankan rago ne. Birazil ta sanya sunan Sepé cikin kundin gwarazan ƙasa a 2009, amma marubucin fim ɗin, Robert Bolt, bai ga ya cancanci zama jarumin labarinsa ba. Ya gwammace ya ƙirƙiro limamai da ke faɗuwa a fagen fama, abin da bai faru a Caiboaté ba.

Har Altamirano an yi masa kwaskwarima. A fim an mai da shi kadinal, wakilin Paparoma mai damuwar zuciya. A zahiri Luis Altamirano ɗan Jesuit ne, shugabannin ƙungiyar suka turo shi ya tabbatar an kwashe mutane. Na yarda akwai limaman da suka yi ta roƙo a janye umarnin, kuma garuruwan mishan sun kare dubban mutane daga bauta. Amma ƙungiyar, a matsayinta na ƙungiya, ta bi sarakuna. Sauya wa mutumin riga ya ɗauke wannan laifi daga wuyanta.

Za a ce ai fim ne, ba darasin tarihi ba. Wannan uzuri ba ya karɓuwa, tunda fim ɗin da kansa ya buɗe da rubutun cewa abubuwan tarihin da ke cikinsa gaskiya ne. Miliyoyin masu kallo ba su da wata masaniya a kan wannan yaƙi sai abin da Joffé ya nuna musu. Ba za su ji cewa a 1761, shekara biyar kacal bayan Caiboaté, Sifaniya da Fotugal sun zauna a El Pardo sun soke yarjejeniyar da aka kashe mutanen nan dominta ba.