Kuɗin Tara da Rumbun Makaranta

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu muna da ɗa ko jika a birnin Kano. Mun ba ƙane ko ƙanwa riƙonsa domin ya sami ilimi, muka koma gona hankalinmu kwance. Yaran nan suna zaune a Ɗorayi da unguwannin da ke kewaye da ita, cikin gidajen haya na 'yan'uwanmu masu aiki a kamfanonin Sharaɗa da Chalawa, waɗansu ma har Bompai suke zuwa. Waɗansu yaran suna karatu a ƙananan makarantun firamare da ikilisiyoyi ke riƙe da su. Tambayarmu ita ce, me yaran nan suke ci kafin a tashi daga makaranta?

Ga yadda rana take tafiya. Uba ya dawo daga aikin dare da asuba, ko kuwa ya fita tun gari bai waye ba. Uwa tana jiran mai garuwa. Yaro ya kurɓi koko in akwai, a damƙa masa kuɗin tara. A makaranta a yi shara, a yi layi, a yi waƙa da addu'a, hedimasta ya duba farce, a shiga aji. Sai an kaɗa ƙararrawar tara ake ganin bambanci. Masu kuɗi a hannu su ruga bakin ƙofa wurin mai ƙosai da mai awara, marasa shi su zauna gindin darbejiya suna kallo. Malamai sun san su ɗaya ɗaya. Sun kuma sani a farkon wata masu zaman gindin itace kaɗan ne, amma daga ashirin ga wata inuwar ba ta isarsu. Malamar da take raba ɗan abincinta da yara uku, ita ma albashinta bai taka kara ya karya ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da cikinsa ke kuka ba ya jin lissafi, ko da wane ne ya tsaya gaban allo.

Kada mu ce ai na birni masu albashi ne. Masaƙu da kamfanoni masu yawa a Sharaɗa da Chalawa da Bompai sun rufe, musamman saboda rashin wutar lantarki da kayan waje masu araha. Waɗanda suka rage sukan ɗauki lebura na wucin gadi, yau da aiki, gobe babu. A watan Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, daga nan kuɗin mota da na abinci suka haye albashi. Gwamnatin Tarayya ta soma ciyar da 'yan firamare a 2016 a kan naira 70 kowane yaro, amma makarantun gwamnati ne kaɗai, aji ɗaya zuwa uku. Makarantar ikilisiya ba ta shiga lissafin ba.

A da makarantar mishan da gonarta take tafiya. Iyayenmu sun yi noma da safe, sun ci abin da suka noma. Ko bayan da gwamnati ta karɓe makarantu ta kawo ilimin firamare kyauta a 1976, shirin ciyar da ƙasa na wannan shekarar ya sa makarantu yin gona. To, makarantar Ɗorayi ba ta da wannan fili, fuloti ɗaya ne ko biyu, gini ya cinye. Masu cewa a yi lambu a bayan aji kuwa, mun yarda, amma da sharaɗi. Ruwan lambatu ba na ban ruwa ba ne a wannan yanki. Dattin kamfanonin jima na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Chalawa, na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, cikinsa kuwa akwai gubar kuromiyam da ake jeme fata da ita. In babu rijiyar burtsatse, a tsaya ga zogale jikin katanga da 'yan buhunan ƙasa na alayyafo.

Hatsi kuwa wurinmu yake. Shawararmu ita ce ƙungiyoyinmu na gama kai su kafa wa makaranta rumbu. Mu yi lissafi tare. Buhu kwano 40 ne. Kwano ɗaya na dawa ko masara, in an haɗa da wake, zai ciyar da yara kamar 20 sau ɗaya. Makaranta mai yara 100 tana bukatar kwano 5 a rana, wato kimanin buhu 25 a shekara. Ƙungiya 10 masu mutum 50 kowace, kowa ya kawo kwano 2 ranar baikon godiya ta kaka, magana ta ƙare. Zancen ƙwari kuma ba hujja ba ne yanzu. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, yana ajiye wake watanni ba tare da magani ba, muddin an busar da shi sarai an ɗaure bakin kowane ruɓi dabam.

Mun san abin da waɗansu dattawa za su ce: a ƙauye ma akwai yara masu yunwa, don me za mu kai tuwo birni? Maganarsu tana kan hanya. Shi ya sa ba mu ce duka kyauta ba. A ware rabon marayu da 'ya'yan waɗanda aka sallama daga aiki, sauran kuwa makaranta ta saya. Da kaka mukan sayar wa 'yan kasuwa masu kai wa Dawanau da araha, da bazara 'yan'uwanmu su sayi hatsin nan da tsada. In ƙungiya ta sayar wa makaranta kai tsaye, iyaye suna biya ƙarshen wata, manomi ya sami fiye da farashin kaka, iyaye sun biya ƙasa da farashin bazara.

Su ma kwamitin makaranta da sauran aiki a gabansu. Kuɗin da ake karɓa don bikin yaye 'yan nazare, da riga da hula sai ka ce an gama jami'a, zai sayi tukunya da itacen zango guda. Zumuntar mata za su iya raba girki kwana kwana. Matan maƙwabta da ke sayar da abinci a bakin ƙofa, yawancinsu Musulmi ne, sun daɗe suna ba yaranmu bashi. Kada a kore su. A ɗauki biyu cikinsu aikin dafuwa a biya su, gama sun fi kowa sanin yaron da bai karya ba.

Kowace ƙungiya ta sa maganar nan cikin taronta kafin a shiga girbin dawa. Magatakarda ya rubuta yawan yaran ƙauyensu da ke riƙo a Kano, da unguwar da suke, ya kawo wa malamin gona na yankinku.