Kada Jiran Likita Ya Hana Yaro Zuwa Makaranta

'Yan'uwana mata, a wannan mako muna so mu jawo hankalinku ga wani al'amari da ya daɗe yana ci wa iyaye tuwo a ƙwarya, amma kunya da tsoron gori sun hana a yi maganarsa a fili. Watau zancen yaran nan da ake haifa lafiya lau, amma sai a ga sun shekara uku ko huɗu baki bai buɗe ba, ko kuwa ya buɗe amma sai maimaita abin da aka faɗa musu suke yi. A kira sunan yaro ya yi kamar bai ji ba, alhali kuwa ƙarar injin niƙa daga nesa ta isa ta sa ya toshe kunne yana kuka. Ba ya shiga wasan tsaransa, sai ya koma gefe yana jera murafun kwalba ko yana kaɗa hannuwa, in kuwa aka sauya masa kwanon abinci ko hanyar da ya saba bi, ranar gidan ba zaman lafiya.

Likitoci suna kiran wannan lalura otizam. A rediyo akan ji ana cewa galahanga, ko da yake wannan kalma ta haɗa lalurori iri iri waɗanda ba ɗaya suke ba. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana ta tun 1943, bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita. Ashe ke nan a unguwar da ke da yara 1,000 za a iya samun wajen 10. An fi gane ta ga yara maza, domin yarinya mai ita sau da yawa sai a ce ai kunya ce da kawaici. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, kuma gado yana da hannu a ciki ƙwarai. Ba sakacin uwa ke kawo ta ba, ba kuwa allurar rigakafi ba. Rahoton da ya ɗora wa rigakafi laifi a Ingila a 1998 an gano na bogi ne, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, mai rahoton kuma aka hana shi aikin likita.

Tabbatar da wannan lalura ba aikin yini ɗaya ba ne. Ba a ganinta a gwajin jini, hoton kai ma ba ya nuna ta. Sai an auna jin yaro, an zauna da iyaye an bi tarihinsa tun yana goye, an zuba masa ido yana wasa, an kuma ji ta bakin malamansa. Aikin yana son likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, da masanin halayyar yara, da mai koyar da magana. Irin waɗannan ma'aikata kuwa ko'ina a duniya ba su da yawa.

Mu ɗauki Ingila misali, ƙasar da ake duba marasa lafiya kyauta. Ƙa'idarsu ta ce wanda aka tura don wannan bincike a fara ganinsa cikin mako 13. Amma a ƙarshen 2024 mutum sama da 200,000, yara da manya, suna kan layi, kuma kusan 9 cikin 10 sun wuce mako 13 ɗin suna jira. Akwai yaran da sukan shekara biyu ko fiye kafin a zo kansu. Sai dai akwai abin koyi guda a tsarinsu. Dokar da suka yi a 2014, da ƙa'idar aiki ta 2015, sun ɗora taimakon makaranta a kan buƙatar da aka gani ga yaro, ko da takardar likita ko babu. An wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta ware malami guda mai kula da yara masu buƙata ta musamman. Malamai su duba inda yaro ke tuntuɓe, su shirya abin da za su yi, su aikata, sa'an nan su zauna da iyaye aƙalla sau 3 a shekara su ga ko an ci gaba. Ba a ce kome yana tafiya daidai a can ba, iyaye suna kuka ƙwarai da jinkirin hukuma, amma dai uwa tana da dokar da za ta riƙe ta shiga ofishin hedimasta.

To, in ƙasa mai arziki irin wannan tana fama da layi, ina ga mu? A Nijeriya likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 300 ba ga jama'a sama da miliyan 200, kamar yadda ƙungiyarsu ta bayyana a 2022, waɗanda suka ƙware kan yara kuwa 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Sun kuma taru ne a manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri. Uwar da ke ƙauye sai ta nemi iznin maigida, ta nemi kuɗin mota, ta nemi mai tsare mata sauran yara. Kafin a kai ga haka an riga an zaga wajen masu magani, an yi hayaƙi, an sha jiƙe-jiƙe, an sayar da akuya. Duk wannan lokaci yaro yana ƙunshe a ɗaki, ana cewa sai ya warke tukuna a sa shi makaranta.

A nan ne babbar hasara take. Otizam ba zazzaɓi ba ne da za a sha ƙwaya ya sauka, kuma har yau babu maganin da ke raba mutum da shi. Wanda duk ya ce yana da shi a kwalba, kuɗinki yake so. Abin da ke taimakon yaro shi ne koyarwa cikin haƙuri, tun da wuri, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da likita ya ba da takarda ma, makaranta da gida zai sake turo ki. Saboda haka ajiye yaro har sai takarda ta fito jiran gawon shanu ne.

Kada a ce mun hana zuwa asibiti. A je, a karɓi kati, a shiga layi, kuma a fara da gwajin kunne, domin kurumta ma takan hana magana. In yaro yana faɗuwa yana shure-shure, ko ya daina faɗin kalmomin da ya riga ya iya, wannan ba na jira ba ne, a gaggauta kai shi. Amma ranar da aka karɓi katin asibiti, a ranar ya kamata a nema masa gurbi a makaranta.

Mu ma muna da doka. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin ilmi kyauta har sakandare, ta kuma ce kowace makarantar gwamnati ta kasance da aƙalla ma'aikaci guda da aka horar don kula da karatunsu. Ana horar da irin waɗannan malamai a Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Oyo, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Bayero. Muna kira ga Ma'aikatun Ilmi na jihohi da sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi su kai su makarantun furamare inda ake buƙatarsu. Hedimastoci kuma su daina sallamar uwa da cewa nan ba wurin irinsu ba ne.

Mu malamai, mun san aji mai ɗalibi 80 ko 100 ba wasa ba ne. Duk da haka akwai abubuwan da ba su cin ko kwabo. A zaunar da yaron a gaba, nesa da ƙofa da taga, wuri guda kullum. A yi masa magana gajeriya, umurni ɗaya a lokaci ɗaya, a ba shi ɗan lokaci kafin a maimaita. A zana masa ayyukan yini a jikin kwali, ga hoton littafi, ga na kwanon tara, ga na gida, don ya san abin da ke tafe, kuma a gaya masa kafin a kaɗa ƙararrawa. In hayaniya ta yi masa yawa a bar shi ya zauna a inuwa har ya natsu. In murafun kwalba yake so, to, da su za a koya masa ƙidaya. Bulala kuwa a ajiye ta. Yaron da ke kururuwa don ƙara ta cika masa kunne ba taurin kai yake yi ba, duka sai dai ya ƙara masa tsoron makaranta. Wannan magana har da malaman Islamiyya da na allo.

Ke kuma uwa, ki je makarantar da kanki tun farkon zango, ki gaya wa malama abin da ke firgita ɗanki da abin da ke kwantar masa da hankali, domin ba wanda ya kai ki saninsa. Ki sayi ɗan littafin rubutu ya riƙa kai da kawowa tsakaninku. Malama ta rubuta abin da ta gani a aji, ke ma ki rubuta na gida, da boko ko da ajami: sabuwar kalmar da ya faɗa, abin da ya sa shi kuka, yadda ya yi barci. Ranar da layi ya zo kanku, wannan littafi zai gaya wa likita abin da ba zai iya gani a zama ɗaya ba. A gida kuma ki sa shi cikin aikinki, kina wanke-wanke kina faɗa masa sunan kowane abu, ki yabe shi duk sa'ad da ya nuna ko ya furta abin da yake so.

Ku 'yan mata 'yan makaranta, kuna da naku rabon aikin. In ƙanenki ne, ki riƙe hannunsa zuwa makaranta, ki rubuta wa Inna littafin nan in ba ta yi karatu ba. In ɗan ajinku ne ko ɗan unguwa, kada ki shiga cikin masu binsa da waƙa suna kiransa wawa ko gaula. Gobe ku ne iyaye, ku ne malamai, ku ne ma'aikatan jinya.

Iyaye maza, da kakanni, da abokan zama, ku ma muna roƙonku. Uwar irin wannan yaro ba ta barci kamar sauran mata, gori da habaici ba abin da za su ƙara mata sai nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikin yaran nan akwai waɗanda za su yi karatu mai zurfi, akwai waɗanda za su koyi sana'a, akwai kuma waɗanda za su buƙaci mai kula da su har girma, amma babu ko ɗaya da zaman ɗaki zai amfana. In an koma hutu, a ɗinka masa kayan makaranta tare da na 'yan'uwansa. Allah ya raya mana zuriya, ya sa mu dace, amin.