KU BAR WA YARA DODANNINSU

Yau da iyaye nake, musamman uwar da za ta tarar da 'yarta 'yar shekara 14 ta duƙufa a kan littafi, ta leƙa bango ta ga hoton wani ƙaton maciji mai fukafukai yana aman wuta, ba tambaya ba komai sai ta fizge ta yayyaga ko ta cusa a murhu, wai ƙarya ce zalla, wai littafin aljanu ne zai lalata wa yarinya tunani. Haba Hajiya!

To wa ya ce miki gaskiya ce? Mu da muka tashi a gaban kakanni, da an yi sallar isha'i an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, me ake ba mu in ba ƙarya ba? Dodo ya haɗiye mutanen gari da shanunsu, Gizo ya yaudari zaki, Zankallala ɗan mitsitsi ya gagari Dodo. In an gama a ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar, kowa ya je ya kwanta. Ban taɓa jin wadda ta girma ta tafi bakin kogi neman Dodo ya aure ta ba.

Kuma wannan maciji da Turawa ke kira diragon, ai mu ma muna da irinsa. Labarin Daura fa? Macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare masa kai, Daurama ta aure shi. A aji aka koya mana wannan, babu uwar da ta je ta kama malami da faɗa. Haka Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da ya fito a 1934, da aljanu a ciki. Magana Jari Ce kuwa, da aka fara bugawa a 1937, aku ne ke zuba labari har ya zama waziri.

A wannan shekara ta 1937 ɗin dai wani malamin jami'a a Ingila mai suna Tolkien ya fitar da The Hobbit. Dodon da ke cikinsa ya kori mutane daga cikin dutsensu, ya tattara zinariyarsu ya kwanta a kai shekara da shekaru, shi bai ci ba, bai kuma bar wani ya ci ba, amma ranar da aka ɗauke masa kofi ɗaya tak sai da ya gane, ya tashi ya ƙone gari. Don Allah ku faɗa min, wace unguwa ce babu irin wannan dodon? Sai dai namu ba ya aman wuta, babbar riga yake sawa. Yarinyar da ta karanta wannan ta san kamannin rowa tun kafin ta haɗu da marowaci, ta kuma ga duk sulken dodon nan akwai wani ɗan gurbi a ƙirjinsa, ta nan kibiya ɗaya ta gama da shi.

Ga kuma amfanin karatun shi kansa. Harry Potter littafi bakwai ne, daga 1997 zuwa 2007, na ƙarshen ya haura shafi 600. 'Yar da ta zauna ta cinye wannan da Turanci ba wanda ya sa ta, ita kike tsoron za ta lalace? Ke da kike biyan kuɗin lesin duk wata don ta ci jarrabawar Turanci!

Ni ƙaryar da nake jin tsoro ita ce wadda ta yi shigar gaskiya. Ban ce labarin soyayya laifi ba ne, shi nake rubutawa. Amma akwai irin wanda za a nuna 'yar talaka tana tallar goro, wani Alhaji ya tsaya da Marsandi, wata uku an kai ta gidan bene, ba kishiya ba uwar miji ba cefane. Wannan shi yarinya ke ɗauka da gaske, don ta ga Marsandi da idonta, ta ga Alhazai. Shi ba a yaga shi, uwar ma jira take a gama ta karɓa. Dodo kuwa ba zai taɓa tsayawa a ƙofar gidanku ya aiko yaro wai ana sallama da 'yarki ba.

Masu cewa akwai sihiri a ciki, e, akwai, kuma akwai waɗanda ni ma ba zan ba 'yar 13 ba saboda batsa. Maganin wannan tambaya ce. Ki zaunar da ita kuna tsintar shinkafa ki ce ta ba ki labarin, cikin minti goma za ki gane abin da take karantawa. In kin yaga na takarda ma akwai shi a waya, sai dai ta koma karantawa a ɓoye. Abin takaicin, wata mai yaga littafin don sihiri ita ce gobe za ta rage kuɗin cefane ta kai wa boka a mallake mata miji. Laifi tudu ne.

Saura mu marubuta mata. Wani yaro a Amurka, Christopher Paolini, yana ɗan shekara 15 ya fara rubuta Eragon, labarin yaron da ya tsinci wani shuɗin dutse ashe ƙwan dodo ne. Iyayensa ne suka buga masa da kansu a 2002, shi kuma ya riƙa bin makarantu yana tallarsa, kamar dai yadda muke ɗaukar namu mu kai wa 'yan littafi a kasuwa. Mu ga Dodo, ga Zankallala, ga 'yan ruwa, duk mun bar su a tsakar gida, kakannin da ke ba da labarinsu kuma suna ta ƙarewa. Labaran yaƙi da aljanu da ake samu a kasuwa yawanci maza ke rubutawa, jarumin namiji, mace kuwa 'yar sarki ce a ɗaure tana kuka sai an zo an cece ta. Ni ina son in ga littafin da 'yar Daura ce da kanta za ta ɗauki guga ta tunkari rijiyar nan ranar Talata.